Fayafan Tafsiri da Kwamfutoci Uku: Yadda Wani Kwamiti a Gusau Ya Raba Karanta Faifai da Buga Shi

Kwamitin da wannan nazari ya shafa shi ne ke kula da ɗaukar tafsirin watan azumi da darussan mako-mako na wani masallaci a Gusau, kuma ya soma wannan aiki tun kafin wayar hannu ta zama ruwan dare. Da kaset aka fara, daga baya aka koma faifan CD na sauti, da aka samu kyamara sai aka shiga VCD, daga ƙarshe kuma DVD. Duk waɗannan fayafai suna jibge cikin kwalaye da akwatin ƙarfe a wani ɗaki mai rufin kwano, inda zafin bazara ke dafa su, ƙurar hunturu kuma ke shiga tsakaninsu. Buƙatar kwamitin kashi biyu ce. Ta farko, a kwashe abin da ke cikin tsofaffin fayafan kafin su mutu. Ta biyu, a ci gaba da buga sababbi, domin har yanzu akwai dattawa a Ƙauran Namoda da Talata Mafara da Gumi waɗanda na'urar DVD ce hanyarsu ta sauraren karatu, akwai kuma direbobin da ke sa faifai a mota. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, aka shafe makonni ba a iya tura sauti ta waya, masu cewa zamanin faifai ya wuce a cikin kwamitin sun rage ɗaga murya.

Kwamfutoci uku ne a hannunsu, kuma babu biyu da ke aiki da babbar manhaja iri ɗaya. Akwai ta kan teburi mai Windows 7, wadda mai ɗaukar sauti ya yi shekara da shekaru yana buga fayafai da ita ta hanyar manhajar Nero, ko da yake kamfanin Microsoft ya daina kula da wannan bugu na Windows tun Janairun 2020. Akwai laftof mai Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, ta wani matashi ɗan kwamitin da ya koyi rubuta manhaja. Ta uku MacBook ce ta mai tace bidiyo, wadda ba ta da wurin sa faifai sam, tunda Apple ya soma fitar da kwamfuta marar na'urar faifai da MacBook Air a 2008, kuma a 2016 ya janye ta ƙarshe mai ɗauke da ita; saboda haka sai an jona mata ta waje da igiyar USB. Abin da ya dami kowa shi ne, faifai ɗaya kan nuna fuska uku a kwamfutocin uku. Wanda ya buɗe a Windows sai ya ƙi kwafuwa a Linux, wanda aka buga a Mac sai na'urar DVD ta gida ta tofar da shi, sunayen fayiloli kuwa wani lokaci su fito a guntule. Shugaban kwamitin, wanda dattijo ne da ba ya son dogon bayani, ya buƙaci a samar da manhaja guda da za ta yi aiki iri ɗaya a dukkansu, yadda duk wanda ya zauna zai san abin da zai danna.

Matashin ya ɗauka aikin ba zai yi wuya ba. Mai rubuta manhaja ba ya fara komai daga tushe. Yakan nemi laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta suka gwada, ya ɗora nasa aikin a kai. Shirinsa shi ne ya samo laburare guda da ke karanta faifai yana kuma buga shi a Windows da Linux da Mac, ya lulluɓe shi da ɗan allo mai maɓallai da Hausa. Bincikensa ya nuna masa cewa irin wannan laburare, a siffar da yake nema, babu shi, kuma dalilin rashinsa ne ya tsara duk abin da kwamitin ya yi daga baya.

Na'urorin faifai kusan duka harshe ɗaya suke ji. Umarnin da ake ba su na karanta wani gurbi, wato ɗaya daga cikin ƙananan yankunan da aka kasa faifai don ajiye bayani, ko tambayar irin faifan da ke ciki, ko soma rubutu, ko rufe faifai, yana cikin wani kundi da ake kira MMC, wanda reshe ne na tsarin SCSI, kuma ko na'urar tana cikin kwamfuta ko an jona ta da USB, wannan umarni ne ke isa gare ta. Inda aka rabu shi ne hanyar da manhaja ke bi ta miƙa umarnin. Lamarin ya yi kama da saƙo ɗaya da za a kai fadoji uku, kowace fada da shamakinta da ladubban shigarta. A Linux ana miƙa shi ta wata ƙofa mai suna SG_IO zuwa na'urar da aka saba gani da sunan /dev/sr0. A Windows da can ana bi ta ASPI na kamfanin Adaptec, daga baya aka koma SPTI, sannan Microsoft ya gina nasa laburaren buga faifai, IMAPI, wanda ya zo da Windows XP yana buga CD kaɗai, sai bugu na biyu da ya zo da Windows Vista ya ƙara DVD. A Mac kuwa ana bi ta IOKit, kuma Apple ya tanadi nasa laburaren mai suna DiscRecording. Ƙari a kan haka, kowace babbar manhaja tana da nata ƙa'idar wanda ke da izinin taɓa na'urar, da kuma yadda ake hana ta kanta tsoma baki yayin da ake tsakiyar rubutu. Karatu yana jure irin wannan tsoma baki, domin in an kuskure sai a sake. Rubutu a faifan CD-R ko DVD-R ba ya jurewa, domin abin da hasken leza ya ƙona ya ƙonu ke nan.

Da wannan fahimta ya bi laburaren da ke akwai ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne libcdio na shirin GNU, wanda Rocky Bernstein ya daɗe yana kula da shi. Yana aiki a dukkan manyan manhajojin uku, yana karanta jadawalin faifai da gurabensa da fayilolin cikinsa, amma don karatu da sarrafa na'ura aka gina shi, ba don buga faifai ba. Na biyu shi ne ayarin libburnia, wato libburn da libisofs da libisoburn da manhajar xorriso da ke kansu, waɗanda Thomas Schmitt ke jagoranta. A nan akwai buga CD da DVD da Blu-ray cikin tsari mai kyau, sai dai libburn yana magana da na'ura kai-tsaye ne a Linux da FreeBSD da Solaris da NetBSD; a Windows da Mac abin da za a dogara da shi daga xorriso shi ne haɗa fayil ɗin ISO, wato siffar faifai gaba ɗaya a cikin fayil guda, ban da tuƙa na'urar. Na uku shi ne cdrtools na Jörg Schilling, wanda ya fi kowanne yawan manyan manhajojin da yake shiga, har da Windows da Mac, ta hanyar wani ƙaramin laburarensa mai suna libscg. Amma shi tarihinsa ya zo da ƙura. A 2006 Schilling ya sauya lasisin wasu sassansa zuwa CDDL, masu kula da Debian, wani nau'in Linux da aka gina Ubuntu a kansa, suka ga hakan bai dace da lasisin GPL na sauran sassan ba, suka ɓalle da nasu reshen mai suna cdrkit, wanda ya haifi wodim da genisoimage. Wannan reshe bai sake fitar da sabon bugu ba tun 2010, shi kuma Schilling ya rasu a 2021. Sakamakon haka, wanda ya nemi cdrecord a rumbun manhajojin Ubuntu ba ainihin na Schilling zai samu ba, kuma manhajar da aka gina a kansa za ta iya nuna hali daban daga kwamfuta zuwa kwamfuta, alhali gudun hakan ne ya sa aka soma aikin.

Ganin babu abin da zai ɗauke nauyin gaba ɗaya, sai ya raba aikin, ya fara da kwashe tsofaffin fayafai, ya kuma keɓe laftof ɗin Linux don wannan. Nan ne aka gano cewa abin da kwamitin ke kira faifai ba abu ɗaya ba ne. Faifan CD na sauti, wanda Philips da Sony suka tsara a 1980, ba shi da fayil ko ɗaya a cikinsa. Abin da ke ciki jadawali ne da jerin sauti tsagwaronsa, gurbi 75 a kowace daƙiƙa, kowane gurbi bayit 2352. Windows kan nuna wasu ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .cda, waɗanda alama ce kawai ba sauti ba, shi ya sa wani ɗan kwamitin ya taɓa kwafe su a filas ya tafi gida yana murna, ya tarar babu komai. Mac kan nuna su a matsayin fayilolin AIFF, Linux kuwa ba ya ɗaukarsa faifan fayiloli sam. An kwashe waɗannan da cd-paranoia, wanda ya samo asali daga cdparanoia na gidauniyar Xiph aka ɗora shi a kan libcdio; amfaninsa shi ne yana sake karanta wurin da ya karce yana gwada sakamakon, maimakon ya tsallake ya bar ƙara a cikin karatun malam.

Fayafan VCD ne suka fi cin lokaci, kuma su ne suka fi yawa a cikin na shekarun tsakiya. Wanda ya buɗe VCD zai ga folda mai suna MPEGAV, a ciki da fayil kamar AVSEQ01.DAT, sai ya zaci ja zai yi ya ajiye. A Windows hakan yana yiwuwa, a Linux kuwa kwafin kan tsaya da saƙon kuskure, abin da ya sa da farko aka ware fayafai masu lafiya cikin kwalin matattu. Sirrin yana cikin ginin gurbin. Faifan fayiloli na yau da kullum yana ajiye bayit 2048 na bayani a kowane gurbi, ragowar ya tafi ga lambobin gyaran kuskure. VCD kuwa, domin ya samu wurin bidiyo, ya zubar da mafi yawan wannan kariya ya ɗauki bayit 2324, kuma bidiyon yana zaune ne a kan wani layi na daban da na fayilolin, fayil ɗin .DAT nuni ne kawai zuwa gare shi. Windows ya san wannan dabara, yana ɗebo gurbin ya naɗa masa wani kai na musamman, alhali karatun yau da kullum na Linux bayit 2048 yake nema bai samu ba. Maganin shi ne vcdxrip, daga ayarin VCDImager, wanda ke bin layin bidiyon kansa ta libcdio ya fitar da fayil ɗin MPEG-1. Wannan ƙarancin kariya kuma shi ne ya bayyana abin da mai ɗaukar sauti ya daɗe yana lura da shi ba tare da sanin dalili ba, wato karcen da faifan fayiloli zai shanye ba a gane ba, a VCD sai ya farfasa fuskar mai karatu zuwa ƙananan murabba'ai.

Fayafan DVD da na fayiloli sun zo da sauƙi. An yi amfani da ddrescue, wanda ke kwafe wurare masu lafiya tukuna, ya rubuta taswirar inda ya gagara, sannan ya komo kansu. Da yake taswirar tana ajiye, ana iya cire faifan a gwada shi a na'ura ta biyu a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma sau da yawa abin da tsohuwar na'urar kwamfutar teburi ta kasa, ta USB ta karanta, ko akasin haka. Wani rukuni da ya ba da wahala shi ne fayafan da aka buga ba a rufe su ba. Tun daga Vista, Windows kan tambayi mai sa sabon faifai ko yana son ya yi amfani da shi kamar filas ko kuwa don na'urar CD da DVD, kuma mutane da yawa kan zaɓi na farko saboda ya fi kama da abin da suka sani. Irin wannan faifai yana buɗewa a kwamfutar da ta rubuta shi, amma tsofaffin na'urorin gida da yawa ba su san shi ba. Waɗannan an mayar da su kan kwamfutar Windows aka kwashe su a can.

Matsalar sunaye ta fito ne daga tsarin jera fayiloli. ISO 9660, tsarin jera fayiloli a faifan CD wanda aka tabbatar a 1988, a matakinsa na farko harafi takwas yake yarda da shi a suna da uku a wutsiya, manyan baƙaƙen Turanci da lambobi da alamar _ kaɗai. Don a kauce wa wannan ƙunci aka yi masa ƙari biyu da ba su san juna ba: Rock Ridge na dangin Unix, wanda Linux yake cikinsu, da Joliet na Microsoft da ya zo a 1995 mai ɗaukar harafi 64. Windows Joliet yake dubawa, Linux kuwa Rock Ridge yake fifitawa in ya same shi. Faifan da aka buga da ɗaya babu ɗayan zai nuna cikakken suna a wannan kwamfuta, ya nuna guntu a waccan. Ga kwamitin da ke rubuta sunan sura da ranar karatu da sunan gari a kan kowane fayil, da ƙ da ɗ da ɓ a ciki, wani lokaci har da Larabci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Joliet yana iya ɗaukar waɗannan baƙaƙe tunda a kan Unicode, tsarin da ya tattara baƙaƙen harsunan duniya, aka gina shi, amma allon rediyon mota ba lallai ya iya zana su ba. Aka tsayar da ƙa'ida cewa kowane faifai zai ɗauki Joliet da Rock Ridge tare, kowane suna zai fara da lambar jeri don ko an guntule shi tsarin karatu ba zai rikice ba, fayafan mota kuma za a rubuta sunayensu ba tare da baƙaƙe masu lanƙwasa ba.

Daga nan hukuncin da aka yanke game da buga faifai ya fito da kansa. Haɗa fayil ɗin ISO, wato cikakkiyar siffar faifai tun daga gurbin farko har na ƙarshe, aiki ne na lissafi da ba ya buƙatar taɓa na'ura, saboda haka a wuri ɗaya za a riƙa yin sa da xorriso, da zaɓuɓɓuka iri ɗaya kullum. Ƙona wannan siffa a kan faifai kuwa an bar wa kowace babbar manhaja ta yi da kayanta: isoburn da ke cikin Windows tun bugu na 7, hdiutil a Mac, xorriso a Linux. Manhajar da matashin ya rubuta a ƙarshe ƙarama ce ƙwarai. Tana duba irin kwamfutar da take kai, ta kira abin da ya dace, bayan an gama ta sa a sake karanta faifan a gwada lambar SHA-256 tasa, wato lambar tantancewa da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, da ta siffar asali, in sun saɓa ta ce a jefar da shi. Shugaban ya samu maɓallinsa guda, ko da yake abin da ke ƙarƙashinsa uku ne.

Wurare biyu ne wannan tsari bai rufe ba, kuma ya kamata a faɗe su. Faifan bidiyo da na'urar DVD ta gida za ta kunna yana buƙatar wani tsarin jera fayiloli mai suna UDF, bugu na 1.02, da fayilolin foldar VIDEO_TS a jere bisa wani tsari na musamman, xorriso kuwa ba ya rubuta UDF. Dole aka koma ga genisoimage don wannan kaɗai, wato aka jingina wani sashe na aikin a kan manhajar da ta tsaya cak tun 2010. Na biyu, faifan CD na sauti ba shi da siffar ISO tunda ba shi da fayiloli. Mai ɗaukar sauti ya tsaya a kan cewa a bar masa Nero don wannan, yana mai cewa bai taɓa ba shi kunya ba, kuma gaskiyarsa ce ta wannan fuska. Abin da ya raba gardamar lissafi ne: faifan sauti minti 80 yake ɗauka, wanda sau da yawa bai isa zama ɗaya na tafsiri ba, alhali faifan nan mai megabait 700 zai ɗauki kimanin awa 24 na MP3 in an matse shi a kilobit 64 a kowace daƙiƙa, kuma muryar mai karatu ba ta buƙatar fiye da haka. Aka mayar da MP3 abin da ake bugawa a kullum, faifan sauti na asali kuma sai wanda ya nema musamman, a buga masa a Linux da cdrskin, wanda yake cikin ayarin libburn.

Sauran cikas ɗin ba na manhaja ba ne. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana kashe faifai, don haka aka fi buga su a laftof mai batir. Na'urar USB siririya takan ja wuta fiye da abin da rami ɗaya ke bayarwa a wasu kwamfutoci, sai an sa mata igiya mai kai biyu. An kuma rage gudun rubutu, tunda fayafan da ake samu a kasuwa ba duka ne ke kai gudun da aka rubuta a jikin kwalinsu ba.

A ganina abin da kwamitin ya yi daidai shi ne ƙin rubuta nasa laburaren. Matashin yana da basirar da zai iya koyon SG_IO da SPTI da IOKit ya haɗa su, amma aikin da ya ci shekarun mutane irin su Schilling da Schmitt, tare da gwaji a kan na'urori iri-iri masu halaye daban-daban, ba abin da mutum ɗaya zai riƙe ba ne a gefen sauran hidimominsa, kuma ranar da ya bar Gusau manhajar za ta zama marainiya. Inda nake da ja shi ne barin kwamfutar Windows 7 cikin tsarin. Hujjarsu ita ce ba a jona ta da intanet, kuma na'urarta ce ta fi karanta wasu tsofaffin fayafai, amma filas na shiga yana fita a jikinta kullum, kuma ta wannan hanya ƙwayar cutar kwamfuta kan yaɗu a shagunan turi. Da an ciro na'urar faifan an sa ta a akwatin USB, da an samu amfaninta ba tare da kasadar ba.

Matsayin faifai a wurin kwamitin ya sauya. Asalin ajiya yanzu siffofin ISO ne da fayilolin sauti da bidiyo a kan rumbun kwamfuta guda biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan ma'aji, kowane fayil da lambarsa ta SHA-256 a rubuce. Faifai kuwa ya zama abin rabawa, wanda in ya lalace a sake buga wani. Tsofaffin fayafan da aka kwashe ba a zubar da su ba, an mayar da su ɗaki mai sanyi an jera su a tsaye, domin wasu daga cikin waɗanda suka gagara za a sake gwada su in an samu wata na'ura. Kwamitin ya kuma amince a sayi na'urorin USB na ajiya tun ana samunsu a kasuwa, daga kamfanoni daban-daban, sannan a adana kwafin genisoimage da vcdxrip tare da bugun Ubuntu da aka gwada su a kai, saboda babu tabbacin bugu na gaba zai zo da su.